Ni Ce, Ba Shi Ba

A Jikwoyi kowa "shi" ne. Mace shi, namiji shi, akuya mai ciki ma shi. Hausar unguwar ta kasuwa ce: wanda ya zo daga kudu, da wanda ya gangaro daga Filato, da 'yan ƙasa da muka tarar a wurin, kowa ya tsinci wadda za ta ishe shi sayen tumatir ya yi gaba. Mu da muka tashi a gidan Kanawa sai muka mai da abin na dariya. Akwai wata mai suyar ƙosai a bakin layinmu, duk unguwa Mama ake ce mata, ita ce gwanar wannan Hausa. In ta ga Ummanmu sai ta ce, "Hajiya, kai ya tashi lafiya?" Mu kuma mu shige ɗaki mu yi ta kwaikwayonta har cikinmu ya ƙulle. Duk gidan na fi kowa iya muryarta. To, wannan "shi" ɗin na Mama ne ya karya wa yayana hannun dama. Ina tsaye a bayan labule aka karya shi, kuma ban fito ba.

Mu uku ne a gidan, ni da Umma da Yaya. Babanmu masinja ne a wata ma'aikata, ya rasu ya bar mana ɗaki biyu da koriyar ƙofa a ƙarshen layi, inda ƙasa ke gangarawa rafi. Yaya makanike ne a Apo, hannunsa muke ci. Mutum ne mara surutu, amma in ya ɗora tafin hannu a kan injin da ke aiki, kafin mai mota ya gama kora bayani ya gaya masa abin da ke damunta. Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Na gama makaranta, na zaga ofisoshi da takardu har takalmina ya cinye, na dawo gida na zauna da haushina.

A lokacin farar hula sun daɗe da karɓar mulki, Abuja tana ta kumbura. Duk inda ka waiga bene ake ɗagawa, kuma kowane bene yashi yake ci. Yashin nan daga bayan gidanmu ake kwasarsa. Tun safe tifofi ke gangarowa ta layinmu, masu lodi su shiga rafin da shebur, su yi ta cin gaɓa har ta zama rami. Masu lodin namu ne, samarin ƙauyukan arewa da noma ya daina riƙe su, Hausarsu ta fi tamu tsabta. Ga shi damina ta sauya hali. Sai ta yi jinkiri har a fara addu'ar roƙon ruwa, sannan ta zo ta juye na wata guda a yini ɗaya.

Wata la'asar aka yi irin wannan ruwan. Ina tsaye a ƙofa na ga gaɓar ta tsage ta rufta. Ta tafi da banɗakinmu, ta tafi da bangon ɗakin Mama da katifarta da buhun wakenta. Mama ta shiga ruwan har ƙugu tana ihu da yarensu, Yaya ne ya fisgo ta da ƙarfi, bulo ya daki ƙafarta ya fasa. Da ruwan ya janye, maza suka fito suka duba, suka ce Allah ya kyauta, washegari kowa ya hau mota ya tafi aiki cikin gari. Mata aka bari da laka. Mu ne masu wanki a rafin, mu ne masu ɗibar ruwa in famfo ya ɗauke, mu ne yanzu za mu riƙa jiran duhu kafin mu zagaya. 

Na bi gida gida na tara 'yan mata. Da farko mu shida ne, daga baya samari suka shigo, wasu don aikin, wasu don 'yan matan, ban kori kowa ba. Na karanta a makaranta cewa saiwar ciyawar jema tana riƙe ƙasa, na kuma san wata gwaggonmu a Uke tana da ita a bakin fadama. Na je na ciko buhuna, na haɗo da dashen darbejiya da mangwaro, Yaya ya roƙi wani abokinsa mai a-kori-kura ya kawo mana. Muka cika buhunan siminti da ƙasa muka jera a gaɓa, muka dasa jema layi layi a bayansu. Hannuwanmu suka yi kanta. Mama ba ta iya tsugunno saboda ƙafar, sai ta riƙa aiko mana da ƙosai a roba, in ta gan ni ta ce, "Yarinya na, kai ne soja."

Sati uku dashen ya yi. Wata safiya tifa ta yi baya da baya ta bi ta kansa, ba don hanya ta ƙare ba, don dai direban ya ga ya fi masa sauƙin juyawa. Na sha gabanta ina dukan ƙofar da tafi. Ya leƙo ya ce, "Ke, matsa ko in bi ta kanki." Na ce ya bi. Masu lodi suka taso, ɗaya ya hankaɗe wata ƙawata, ta faɗi goshinta ya daki dutse, jini ya rufe mata ido. Ban san sanda na ɗauki shebur na maka masa a kafaɗa ba. Ya juyo ya kwaɗa min mari, kunnena ya yi kwana biyu yana ƙara. Samarinmu suka shiga, aka yi ta dambe a cikin laka har masu wucewa suka raba.

A ranar na yanke shawarar toshe hanyar. Na dami Yaya har ya kawo mana mataccen injin babbar mota daga Apo, muka gina rami a daidai kwanar da ke sauka rafi, muka dasa shi da siminti, muka kafa rodi hagu da dama. Mutum zai wuce, babur zai wuce, tifa kuwa sai dai ta yi fiffike.

Sai mai unguwa ya aiko a zo. Na yi wanka na sa mayafi, na tsara maganata tun daga gida. Na durƙusa na gaishe shi, na fara, "Baba, game da hanyar rafi…"

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "'Yata, wannan magana ce ta manya. Ku turo shugabanku."

Na ce, "Baba, ai ni…"

Ya ce, "Namiji nake nufi. Ba ku da maza ne?"

Na fito ina huci. Amma aikin nake so ya tsaya, sai na lallaɓa Yaya. Ya ce shi bai san komai a kan ciyawa ba. Na ce ba sai ya sani ba, ya dai tsaya, ni zan gaya masa abin da zai faɗa. Haka aka yi. Na rubuta masa a takarda, ya je ya karanta, mai unguwa ya ce madalla da samari masu kishin unguwa, ya ce injin ya zauna tukuna. Daga ranar Yaya ya zama shugaba a bakin maza. In ya fito masallaci a ce, "Shugaba, sannu da ƙoƙari." Shi kuma ya sosa ƙeya ya amsa.

Ni na tura shi, amma wallahi haushinsa nake ji kamar ƙwace ya yi. Na daina kai masa ruwan wanka. Wata rana yana cin tuwo na tsaya a kansa na ce, "Yaya, in aka ajiye maka jema da tofa za ka bambance? Ka ji kunya mana."

Ya ɗago ya ce, "Auta, ke kika ce in tsaya."

"Na ce ka tsaya, ban ce ka ji daɗi ba."

Ya yi dariya ya ci gaba da cin tuwonsa, abin ya ƙara ƙona ni. Na fita na zauna a bencin Mama na zazzage mata cikina. Ta juya ƙosanta ta ce, "Bar su. Ni na sani, duk mata na sani. Kowa ya tambaye ni, zan ce kai ne oga." Na ji sanyi a raina. Har ce mata na yi ta riƙa faɗa da ƙarfi.

Ranar Lahadi ce, da hantsi, gareji ba aiki. Yaya yana tsakar gida ya kwance injin janareton maƙwabta yana wankewa a kan turmin da muka kife. Ni ina ɗaki ina ninke kaya, Umma tana tsintar shinkafa. Abin da ya faru a bakin layi Mama ce ta ba ni labari daga baya. Mutum huɗu suka zo a kan babura biyu, suka sayi ƙosai, suka gaishe ta da ladabi. Suka ce sun ga aikin da aka yi a rafi ya burge su, wane ne shugaban masu dashen? Mama ta ji daɗi, ga ranar cika alkawari ta zo. Ta nuna da matsami ta ce, "Shi yana wancan gida, ƙofa kore. Shi ya fara komai. Shi ya kawo ciyawa, shi ya kulle hanya. Shi ba ya tsoron kowa." Ni take nufi. Su kuwa Hausawa ne na asali, a kunnensu shi namiji ne, ba su ma yi tunanin sake tambaya ba.

Sallama ɗaya suka yi suka shigo. Na ɗaga gefen labule na ga biyu da gora, ɗaya da shebur, ɗaya hannu a aljihu. Mai hannu a aljihun ya ce, "Kai ne shugaban masu toshe hanya?"

Yaya ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Ya gane mutanen masu tifa ne, ni ma na gane. Na ga idonsa ya zo kan labulen, ya tsaya kaɗan, ya ɗauke. Ya ce, "Ni ne."

Gorar farko a ƙeya ta same shi. Ya durƙusa, ta biyu ta sauka a bayansa, na ji ƙararta kamar ana bugun katifa. Umma ta watsar da shinkafa ta yi kururuwa, ɗaya ya ture ta ta faɗo cikin ɗakin, ta kama ni ta ƙanƙame tana cewa, "Kar ki fita, don Allah kar ki fita." Suka yi ta tattaka shi. Yana kare kansa da hannuwa, bakinsa na jini, bai yi ihu ba, sai wani gurnani da ban taɓa jin ya fito daga mutum ba. Mai hannu a aljihun ya ce, "An ce makanike ne. Da wane hannu ka dasa injin?" Biyu suka danne shi, suka ture janareton, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan gindin turmin. Mai shebur ya juya shi ta gefen kaifi. Sau uku ya sara. A na ukun ne Yaya ya yi ihu, ya kira sunan Allah, ya kira Umma.

Na daɗe ina gaya wa mutane cewa Umma ce ta riƙe ni. Gaskiya ne ta riƙe ni. Amma Umma tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ni kuwa na wuni ina ɗaukar buhun ƙasa a kafaɗa, da na so fisgewa da hannu ɗaya zan yi. Kalma biyu ce a bakina, "ni ce", na ji su a kan harshena. Ni da na yi sati ina masifa a kan a ce ni ce. Tsoro ya kama ni, ƙafafuna suka ƙi, na tsaya ina leƙe ta ramin labule har suka gama. Ko fitsarin da ya zubo min ban ji ba sai daga baya.

Da suka fita suka tsaya a ƙofa suka ce a cire injin kafin Juma'a. Mama ta biyo hayaniya da ɗingishinta, ta ga Yaya kwance, ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Ba shi ba! Na ce shi, ba shi ba!" Duk wanda ke wurin ya ɗauka ruɗewa ta yi. Ni kaɗai na fahimci abin da take faɗa.

A asibiti suka ce ƙasusuwan bayan hannun sun farfashe, jijiya ta tsinke. Aka yi aiki aka naɗe. Umma ta so a kai shi wurin mai ɗori, likitan ya ce wannan ya wuce ɗori. Da ya farfaɗo na zauna a gefen gadon na kasa kallonsa. Ya ce, "Auta, kin ci abinci?" Na tashi na fita waje na yi kuka har na yi amai.

Washegari labari ya kai Apo. Kafin azahar abokan aikinsa sun cika motoci biyu sun iso, kowa da abin da hannunsa ya kai: rodi, sarƙa, ƙarfen ɗaga taya. Suka ce a nuna musu rafin. Ni na shige gaba. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Tifofin sun buɗe wata hanya ta cikin gonar wani a can ƙasa, muka tarar da ɗaya ana mata lodi. Direban ya hango mu ya tsallake rafi da gudu. Suka farfasa gilasai, suka sassare tayoyi, wani ya fasa tanki mai ya malala cikin ruwan da nake cewa ina karewa. Masu lodi suka watse, aka kama ɗaya da santsi ya kayar. Ba ya cikin huɗun nan, na san ba ya ciki. Suka rufe shi da duka yana cewa, "Wallahi jiya na zo garin nan, wallahi ban san komai ba." Da irin Hausar kakata yake magana. Akwai dutse a hannuna, na jefa, ya same shi a gira, fatar ta buɗe. Ya dube ni da ido ɗaya. Jarumtar da na rasa a bayan labule ita na zo nema a fuskar bawan Allahn da bai san hawa ba bai san sauka ba. Sai da na ga wani ya ɗaga ƙarfen taya zai sauke masa a ka na faɗa kansa ina ihu a bari. Ƙarfen ya goge ni a kafaɗa, tabon yana nan.

Abin ya girma, 'yan sanda suka shigo, aka kama wasu daga kowane ɓangare. Mai unguwa ya kira zaman sulhu a ƙofar gidansa ranar Alhamis da safe. Maza a kan tabarmi da benci, mata a tsaye can baya wajen katanga. Mai tifofin ya zo da kansa, wani mai tumbi da farar shadda, kowa na ce masa Oga. Huɗun nan ba a gansu ba, an ce sun bar gari, shi kuma ya rantse bai aike su ba. Yaya ya matsa sai an kawo shi, ya zauna a kujera da hannu rataye a wuya, fuskarsa a kumbure.

Oga ya yi magana mai tsawo, rabi Hausa rabi Turanci. Ya ce shi ma an yi masa ɓarna, ya ce gari ba ya ginuwa sai da yashi. Sannan ya juya wajen Yaya ya ce, "Shugaba, mu yi magana ni da kai, man to man. Ka sa a cire injin nan, komai ya wuce."

Yaya ya buɗe baki zai amsa. Na san abin da zai yi, zai sake ɗauka ne. Na ratsa ta tsakanin benci, mayafina na kama gwiwoyin mutane, na tsaya a tsakiyar fili. Ranar Lahadi ƙafafuna sun ƙi, amma wannan karon sun taka.

Na ce, "Ni ce. Ba shi ba."

Mai unguwa ya ce, "'Yata, koma baya."

Na ce, "Baba, ka gafarce ni, ba zan koma ba. Ni na tara yaran, ni na je Uke na kawo jema, ni na sa aka dasa injin. Takardar da Yaya ya karanta maka ni na rubuta. Ka ce a turo namiji, na turo, ga shi nan an dawo mana da shi. Ranar Litinin ma dutsen da ya fasa wa mai lodi gira ni na jefa, ku rubuta. In akwai mai magana a kan hanyar rafi, da ni zai yi."

Sai daga baya can na ji muryar Mama, "Shi ne! Shi ne na ce!" Wasu suka yi dariya. Oga ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa, shi ma ya yi 'yar dariya ya ce, "Mace ce ashe? Haba. Ai da an san mace ce, wa zai ɓata man babur ɗinsa?"

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Raini ne, na sani. Amma a cikin rainin akwai abin da ya fi zafi: in gaskiya ya faɗa, to da na ɗaga labulen nan na yi magana, da wataƙila zagi za su yi su tafi, ko mari, kuma Yaya yana nan da hannunsa. In kuma ƙarya ya yi, da hannuna ne a kan turmin. Har yau ban san wanne ne ba, kuma ba wanda zai iya gaya min. Abin da na ce masa kawai shi ne, "Oga, ka ce ba kai ka aike su ba. Ya aka yi ka san abin da zai hana su zuwa?" Ya shiga gyara hularsa. Mai unguwa ya dube shi ya daɗe. Matan da ke bayan katanga suka matso, ba wanda ya ce su matso, suka tsaya a bayana har inda tabarmi ta fara.

Ba a cire injin ba. Ba wai mun yi nasara ba ne, tifofin sun koma can ƙasa suna cin gaɓar wasu, daga baya 'yan matan can suka zo muka nuna musu yadda ake dasa jema. Namu ya kama, darbejiya uku sun rayu, mangwaron duk awaki suka cinye. Damina ta sake zuwa da haukarta, gaɓarmu ta tsaya. Mai lodin da na jefa na neme shi ban same shi ba, an ce ya koma ƙauye. Mai unguwa kuwa in ya aiko yanzu cewa yake a kira masa "yarinyar nan mai baki", na karɓa, ya fi a ce a turo namiji.

Da aka kwance wa Yaya hannu, yatsu uku sun ƙi lanƙwasuwa. Ya koma Apo, ya yi wata biyu yana gwadawa da hagu, sifana tana suɓuce masa. Yanzu kunne yake sa wa injin ya faɗi ciwon, wasu su kwance. Masu mota suna yaba shi, amma na ga yadda yake kallon hannun masu kwancewar. Bai taɓa ce min komai ba. Sau ɗaya na tattara ƙarfin hali na ce, "Yaya, ranar nan, da na fito…" Ya katse ni ya ce, "Da kin fito da na ji haushi. Miƙo min ruwa." Na fi so ya zage ni.

Mama ta sa kanta koyon "ita". Ta zo har gida ta ce in koya mata, ni da na yi shekaru ina kwaikwayonta a bayan ido. Muka zauna a kan tabarma ina nuna Umma ina cewa ita, ina nuna Yaya ina cewa shi, tana maimaitawa kamar 'yar aji ɗaya, tana share hawaye da bakin zani. Ba ta taɓa iyawa ba. Sai ma ta rikice gaba ɗaya, ta koma ce wa kowa ita. Kullum da safe in Yaya zai wuce sai ta ƙunsa masa ƙosai ta ce, "Hannu, ita ya ji sauƙi?" Shi kuma ya ce, "Ita ta gode, Mama." Ya karɓa da hagu. Tun daga lokacin ban sake kwaikwayon muryarta ba.

Yanzu nakan je taruka a cikin gari, a manyan ɗakuna masu sanyi, a yi ta magana a kan sauyin yanayi da shigar mata cikin jagoranci. Wani lokaci mai gabatarwa ya duba takarda ya ce, "Shugaban matasan Jikwoyi, shi ne zai yi mana bayani." Kafin ya rufe baki na miƙe na ce, "Ita ce. Ni ce." Da ƙarfi nake faɗa, har mutane su waigo. Na sha jin ana raɗa cewa matar nan akwai son a sani. Ba na tanka musu. Ranar ɗaurin auren Yaya ni na saka masa maɓallan rigarsa, tun daga wuya har ƙasa, yana tsaye yana kallon rufi.